Kada a Binne Akwatin Waya Cikin Bango

Jama'a, inda wayoyin lantarki suka haɗu a ɗaki, mai aikin wuta yakan ɗaure su cikin ɗan akwati mai murfi. To, wajen yaɓe sai magini ya shafe akwatin da siminti, wai don bango ya yi kyau. Kada ku yarda.

Ga dalili. Mahaɗar waya ita ta fi saurin lalacewa. Kullum waya tana ɗumi tana hucewa, a hankali ɗaurin ya saki. In ya saki sai ya yi zafi, roba ta narke, gobara ta tashi mutane suna barci. Da damina kuma danshi ya shiga, yaro ya dafa jiƙaƙƙen bango, wuta ta ja shi. Ƙarfin wutar gida a Nijeriya volt 230 ne, ya isa kashe babba, balle yaro.

In murfi yana fili, mai gyara zai kashe wuta, ya buɗe, ya ɗaure. In an binne, sai an yi ta fasa bango ana lalube. Kada kuma a tare shi da kabad ko buhunan hatsi.

In kun ji ƙaurin roba, ko murfin ya yi baƙi, ku kashe babban makunni, ku kira mai gyara. Kada ku buɗe da kanku.