Bayan Windows 10: Ko Linux za ta ceto tsofaffin kwamfutocin Zungeru?

Tun ranar 14 ga Oktoban 2025 kamfanin Microsoft ya daina aika gyaran tsaro na kyauta ga Windows 10, sai ga wanda ya shiga shirin ƙarin wa'adi. Windows 11 da ta gaje ta kuwa ba kowace na'ura take karɓa ba, domin tana neman ɓangaren tsaro na TPM 2.0 da ƙwaƙwalwa ta zamani. A gari irin Zungeru, inda Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Jihar Neja take, ɗalibai da ƙananan ma'aikata da dama kwamfutoci na hannu suke saye. Irin waɗannan ne sabon sharaɗin ya fi barin su a baya, alhali da sauran ƙarfinsu.

Wannan ya sa ake sake waiwayar Linux, babbar manhajar da Linus Torvalds ya fara a Finland a 1991, wadda kowa ke da izinin sauke ta, ya gyara, ya raba ba tare da biyan lasisi ba. An daɗe ana yi mata kallon kayan ƙwararru masu rubuta umarni a baƙin allo. Ubuntu, wadda ɗan Afirka ta Kudu Mark Shuttleworth ya ƙaddamar a 2004, da Linux Mint da ta biyo baya a 2006, sun rage wannan tsoro ƙwarai.

Sakawar ba ta da wuya. Mutum zai sauke manhajar, ya ɗora ta a filas, ya tayar da kwamfutar daga jikinsa. A nan zai iya gwada komai, sauti da intanet da madannai, kafin ya taɓa ko fayil ɗaya na cikin na'urarsa. Idan ya gamsu, tambayoyi kaɗan ne suka rage: harshe, yankin lokaci, suna da kalmar sirri. Mint na iya tashi da ƙwaƙwalwar aiki ta gigabait 2, kodayake 4 ta fi sauƙin sha'ani, kuma Mint 22 za ta ci gaba da samun gyara har 2029. Cikin jerin madannanta ma akwai na Hausar Najeriya, mai ɓ da ɗ da ƙ.

Tambaya ɗaya ce mai haɗari, wato ta rabon faifai. Wanda ya zaɓi a share faifan gaba ɗaya bai kwafe takardunsa ba, ya yi asarar da ba ta da magani. Haka kuma fayil ɗin Mint ya kusa gigabait 3, na Ubuntu ya ninka haka, abin da mai sayen data da albashinsa zai ji a aljihu. Dabarar ita ce mutum ɗaya ya sauke, filas ɗin ya zagaya. Batiri kuma ya kasance cike, domin madatsar ruwan Zungeru mai megawat 700 layin ƙasa take ciyarwa, ba ta yi wa kowa alƙawarin wuta ba za ta ɗauke a tsakiyar aiki ba.

Wahalar gaske washegari take farawa, a kan tebur. Duk abin da ake buɗewa a burauza, kamar Remita ko imel, yana tafiya yadda aka saba. LibreOffice na buɗe takardun Word da Excel, amma wasiƙa mai tambarin ma'aikata da jadawali masu sarƙaƙiya takan isa da layuka a karkace, kuma babban sakatare ba zai saurari bayanin manhaja ba. CorelDraw da Photoshop, waɗanda shagunan buga takardu suka dogara da su, ba su da sigar Linux. Wasu na'urorin buga takarda sukan yi aiki nan take, wasu sai an sha fama.

A nan ne maganar wanda za a tambaya take da nauyi. Mai gyaran kwamfuta a kasuwa Windows ya ƙware a kai, kuma maganinsa na farko shi ne ya goge ya mayar da ita. Najeriya ta taɓa ganin irin wannan a 2007, lokacin da aka raba wa yaran firamaren Galadima da ke Abuja ƙananan kwamfutocin shirin One Laptop per Child masu aiki da Linux. Yaran ba su daɗe ba suka iya, amma shirin bai yaɗu ba. Birnin Munich na Jamus ma ya shafe fiye da shekara goma a kan Linux kafin majalisarsa ta yanke shawarar komawa Windows a 2017, yayin da jihar Schleswig-Holstein ta sanar a 2024 cewa za ta sauya kwamfutoci kusan 30,000.

Zungeru da Minna suna da abin da garuruwa da yawa ba su da shi: kwalejin fasaha a nan, Jami'ar Fasaha ta Tarayya a can, cike da matasan da za su iya koyon wannan aiki su mayar da shi sana'a. Ma'aikacin da ke son gwadawa ya fara da kwamfutarsa ta gida. Ta ofis kayan gwamnati ce, sauya mata manhaja sai da amincewar sashen fasahar sadarwa na ma'aikatarsa.