Shingen Bincike da Saƙon da Ba Ki Buɗe Ba

Yau za mu tattauna kan binciken da ake yi wa mota a hanya, musamman ga masu zirga-zirga daga Kauran Namoda zuwa Shinkafi ko Zurmi.

Hukumar NDLEA, wadda aka kafa a 1989 don yaƙi da miyagun ƙwayoyi, doka ta ba jami'anta ikon bincikar mota da kaya ko babu takardar kotu, muddin suna da dalilin zargi. To amma fa ikon yana da iyaka. Dokar shari'ar laifuka ta tarayya ta 2015 ta ce a yi binciken jiki cikin mutunci, mace ce za ta laluba mace, sai in akwai gaggawa. In an kama mutum, a rubuta kayan da aka karɓa. Ba a kama mace a madadin mijinta ko ɗanta. Sannan mace tana iya tsayawa beli.

Inda gizo ke saƙar shi ne saƙo. A tasha wani zai ce, “Hajiya, don Allah kai wa wance wannan ƙullin.” In aka buɗe aka ga taramol, ko maganin tari mai kodin da gwamnati ta hana shigowa da shi a 2018, ke za a riƙe, maganar kuma sai Babbar Kotun Tarayya. Don haka ki sa mai aiken ya kwance shi a gabanki. In ya ƙi, ki ba shi haƙuri.

Allah ya tsare mana mutuncinmu, amin.