Daga karar Potiskum zuwa allon aji: lissafin gishirin jima

Duk ranar Laraba karar Potiskum cika take yi maƙil da shanu, tumaki da awaki. Da yawansu a tirela suke wucewa kudu. Fatun waɗanda aka yanka a gida kuwa, musamman na awaki da tumaki, sukan nufi masana'antun jima na Challawa da Sharaɗa a Kano. A can ba bagaruwa ake zuba musu ba irin na majemar gargajiya. Cikin gishirin kuromiyam ake jiƙa su, su fito shuɗi-shuɗi, ba sa ruɓewa. Augustus Schultz ne ya yi rajistar wata hanyar jima da kuromiyam a Amurka a 1884, yau kuma yawancin fatar duniya da wannan ƙarfe ake jeme ta.

Gishirin nan shi ne ke ɗaure wa ɗalibai kai a jarrabawar WAEC da NECO: Cr₂(SO₄)₃. Alhali ƙa'idar guda ce, dole caji ya tashi ba saura. Kuromiyam na ɗauke da +3, salfet na da −2. Kuromiyam biyu sun ba da +6, salfet uku sun ba da −6, magana ta ƙare. Bakan da ya kewaye SO₄ kuwa don a nuna dunƙulen gaba ɗayansa aka ninka sau uku. Wanda ya yar da bakan ya rubuta SO₄₃, abin da babu shi.

Inda gizo ke saƙar shi ne kuromiyam ba ya tsayawa a caji ɗaya, shi ya sa ake maƙala masa lambar Romawa. Kuromiyam(II) da kilorin sun zama CrCl₂, kuromiyam(III) kuma CrCl₃. Kuromiyam(III) da oksijin sun ba da Cr₂O₃, koren garin da ake haɗa fenti da shi.

Malamin da ya tsaya ga haddace lissafin caji ya rage wa ɗalibansa abu babba, domin cajin kuromiyam ya shafi lafiya. A K₂Cr₂O₇, mai launin ruwan lemo, lissafi ya nuna kuromiyam na +6 ne, wanda aka tabbatar yana haddasa cutar daji. Na jima +3 ne, mai sauƙin illa, amma idan aka ƙona tarkacen fatar da aka jeme da shi, wani ɓangare yakan rikiɗe ya koma +6. Wannan na cikin dalilan da masu bincike a Kano ke yawan gwada ruwan kogin Challawa da kayan lambun da ake ban ruwa da shi.