Fijo 504 a Harabar Gida: Abin da Mai Mota Zai Iya Gyarawa da Inda Ya Kamata Ya Dakata

A unguwannin da ma'aikatan tarayya suka fi zama a kewayen Abuja, irin su Kubwa da Karu da Nyanya da Lugbe, ba a rasa gidan da wata tsohuwar Peugeot 504 ke jibge a harabarsa, an lulluɓe ta da tamfol, tayoyinta sun sace. Sau da yawa injinta lafiya lau yake. A sa mata batir da ɗan fetur, sai ta tashi. Abin da ya kwantar da ita yana can ƙasa, a jerin ƙarafan da ke karɓar ƙarfin inji su kai shi ga ƙafafun baya, wato kuloci, da akwatin giya, da doguwar sandar nan da makanikai ke kira furofela, da kuma akwatin haƙoran baya mai raba ƙarfin tsakanin ƙafa biyu.

Tun da aka janye tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayu, 2023, darajar naira kuma ta faɗi, sayen wata mota, ko da ta hannu ce, ya fi ƙarfin albashin ma'aikata da dama. Wannan ya sa wasu suka soma waiwayar abin da ke ƙarƙashin tamfol. Tambayar ita ce, nawa ne daga cikin aikin mutum zai iya yi da hannunsa a ranar Asabar, ba tare da ya ƙara ɓata motar ko ya jefa ransa cikin haɗari ba?

Motar da ta yi wa gwamnati aiki

An fito da 504 a Faransa a 1968, shekara ɗaya bayan haka ta lashe kambun motar shekara ta nahiyar Turai. A 1975, shekarar da Ove Andersson ya yi nasara da ita a gasar Safari ta Gabashin Afirka, masana'antar Peugeot da ke Kakuri a Kaduna ta soma harhaɗa motoci. Gwamnatin soja ta Janar Olusegun Obasanjo, a manufarta ta tsuke bakin aljihu, ta mayar da Fijo motar hukuma har ga manyan jami'ai. Faransa ta daina ƙera ta a 1983, amma Kaduna ta ci gaba da fitar da ita fiye da shekara 20 bayan haka.

Da aka shigo da tsarin mayar da alawus-alawus zuwa kuɗi a 2003, gwamnati ta sayar da motocinta masu yawa ga ma'aikata. Ta wannan hanya, da kuma ta hanyar gado, Fijo da dama suka koma hannun iyalan da ke riƙe da su yau. An ƙera su ne a zamanin da mota ba ta da kwamfuta a cikinta, saboda haka sifana da kunne da haƙuri suna isa su gano yawancin abin da ke damunsu.

Yadda ƙarfi ke tafiya

Injin Fijo yana gaba, ƙafafun baya ne ke tura motar. Kuloci shi ne mahaɗa tsakanin inji da giya: faranti ne mai fata da ake matsewa a jikin faifan inji. Idan direba ya taka feda, man birki ne ke bi ta siririn bututu daga ƙaramar tukunyar sama zuwa ta ƙasa, ita kuma ta ture farantin ya saki. Daga nan sai akwatin giya, wanda a yawancin motocin samfurin BA7 ne mai giya 4, ko da yake akwai mai 5.

Abin da ya bambanta 504 da motoci da yawa shi ne furofelarta ba a fili take ba. Tana juyawa ne a cikin wani kakkauran bututun ƙarfe da ya haɗa akwatin giya da akwatin baya. Bututun yana kare ta daga duwatsu da laka, yana kuma riƙe jijjigar tashi da tsayawa, shi ya sa motar ta jure hanyoyin karkara. Sai dai shi ne kuma ke wahalar da mai gyara, domin ba a iya zare akwatin giya sai an ja akwatin baya da bututun sun matsa, ko kuma a ciro injin ta sama.

Bayan motar ma iri biyu ne. A yawancin salun, akwatin baya a kafe yake a jikin mota, gajerun sanduna biyu masu gaɓoɓi ne ke fita daga gefensa su juya ƙafafu, kowace gaɓa tana cikin rigar roba cike da giris. A wagon da akori-kura kuwa, gatarin baya ɗaya ne sambal, ƙafafun biyu suna hawa da sauka tare. Wajibi ne mai mota ya leƙa ya san wanne yake da shi kafin ya sayi ko da noti ɗaya.

Kunne kafin sifana

Babbar asarar masu tsofaffin motoci ita ce sauya abin da bai lalace ba. Mai ɗaki shi ya san inda yake yoyo, kuma wanda ke tuƙa motar kullum ya fi kowa damar lura da lokacin da ƙara ke zuwa da lokacin da take ɗaukewa.

Idan ana hawan tudu, kamar na Kugbo a hanyar Keffi, inji ya riƙa ruri amma gudu bai ƙaru ba, ana kuma jin ƙaurin ƙuna, farantin kuloci ne ya cinye. Ana iya tabbatarwa a fili mai sarari: a ja birkin hannu, a sa giya ta 4, a saki kuloci sannu a hankali. Lafiyayyen kuloci zai kashe inji. Wanda ya ƙare zai bar shi yana ci gaba da aiki. Cunkoson safe da yamma na hanyar Nyanya zuwa Mararaba yana gaggauta wannan cuta, musamman ga direban da ke ɗora ƙafa a kan feda yana jiran layi ya motsa.

Idan kuwa fedar ta yi laushi ko ta nutse, dukkan giyoyi kuma suna gurzawa har da ta baya, galibi laifin na man birki ne: ya yoye, ko iska ta shiga bututu. Wannan gyaran 'yan robobi ne, ba ya bukatar sauke komai. Ƙarar da ke tashi idan an taka feda tana nuni ga boris ɗin kuloci. Wadda ake ji mota tana tsaye ba ta cikin giya, ta ɗauke da zarar an taka feda, daga cikin akwatin giya take. Idan giya ɗaya ce kawai ke gurzawa, sau da yawa ta 2, zoben da ke daidaita gudun haƙora ne ya side.

A baya kuma, kukan da ke ƙaruwa da gudu, yana sauya murya idan an taka totur ko an ɗaga ƙafa, na akwatin baya ne. Gunjin da ke canzawa idan an sha kwana ya fi kama da boris ɗin ƙafa. Bugu guda da ake ji a lokacin tashi yana iya zuwa daga tsagin bakin furofela da ya side, ko gaɓar sandar ƙafa, ko robar da ke riƙe akwatin. Wanda ya rubuta waɗannan alamu a takarda kafin ya taɓa komai ya riga ya yi rabin aikin.

Ayyukan ranar Asabar

Mafi arha a cikin ayyukan nan shi ne mafi amfani: sauya mai. Akwatin giya da akwatin baya kowanne da nasa man, kuma ba iri ɗaya suke sha ba. Kamfanin ya ƙayyade man inji ga akwatin BA7, akwatin baya kuma man giya mai kauri, don haka zuba musu abu guda kuskure ne da aka saba yi. A fara kwance notin zubawa na gefe kafin na tsiyayewa na ƙasa. Wanda ya tsiyaye mai sannan ya tarar notin sama ya ƙi buɗewa ya bar motarsa ba ta da mai, ba kuma hanyar zuba mata. Ana cikawa ne har man ya soma dawowa ta bakin ramin gefe, mota tana tsaye daidai.

Tsohon man da ya fito shaida ne, a tare shi a kwano mai tsabta a duba. Lallausan ƙyalli kamar toka ba abin tayar da hankali ba ne a tsohuwar mota. Gutsattsarin ƙarfe da yatsa ke ji yana nufin haƙori ko boris ya soma karyewa. Man da ya koma fari kamar madara ruwa ne ya shige shi, abin da kan faru idan an kutsa cikin ambaliyar damina. Kada a zubar da shi a kwata. A juye a jarka a kai wa masu sauya mai.

Sai giris. Bututun furofela yana da wurin ɗura giris, kuma shekarun da mota ta yi a ajiye sukan busar da shi. Rigunan roba na sandunan baya ma a matsa su da hannu a duba tsaga. Roba ɗaya da ta yage tana barin ƙurar rani ta gauraya da giris ta zama kamar yashin gugar ƙarfe, cikin 'yan watanni gaɓar ta tafi. Sauya robar kuɗinta kaɗan ne, sauya sandar kuwa sai an yi yawon nema. Haka nan gyaran tukwanen kuloci da fitar da iska daga bututu aiki ne na mutum biyu, ɗaya yana taka feda, ɗaya yana buɗe noti a ƙasa.

Sauya farantin kuloci yana kan iyaka. Mai hannu da kayan aiki zai iya, amma yana bukatar abin ɗaga inji, da mataimaki, da sandar daidaita faranti a tsakiya, in ba haka ba akwatin giya ba zai koma mazauninsa ba. Tun da an sha wahalar buɗewa, hikima ita ce a sauya faranti da murfin matsi da boris gaba ɗaya. Ƙurar da ke cikin gidan kuloci kuma kada a hura ta, domin tsofaffin faranti na iya ƙunsar asbesto mai illa ga huhu; a goge da jiƙaƙƙen tsumma.

Rai ya fi mota

Fijo ta haura tan ɗaya a nauyi. Jak na ɗagawa ne kawai, ba a shiga ƙarƙashin motar da ke kansa. Bulon siminti, wanda ake yawan gani a ƙarƙashin motoci a unguwanni, yana iya rugujewa ba tare da gargaɗi ba. Abin da ake bukata shi ne matokaran ƙarfe na musamman a kan daɓe mai ƙarfi kuma shimfiɗaɗɗe, a tokare ƙafafun da ke ƙasa, a cire kan batir, a girgiza motar da hannu a tabbatar ta zauna. Kada a yi aikin ƙasa babu kowa a kusa, kada kuma a bar yara suna wasa a wurin. Akwatin giya kansa yana da nauyin da zai karya ƙirjin wanda ya tare shi da hannu yana kwance.

Inda ake miƙa wa gwani

Akwai ayyuka biyu da harabar gida ba ta ɗauka. Na farko shi ne buɗe cikin akwatin giya, wanda ke bukatar na'urar matsi da maciran boris. Na biyu shi ne daidaita manyan haƙora biyu na akwatin baya, inda tazarar da ke tsakaninsu ba ta kai rabin milimita ba, ana auna ta da agogon awo, ana gyara ta da siraran zobba. Kuskure kaɗan a nan yana cinye sababbin haƙora cikin ɗan lokaci. Abin da mai mota zai iya shi ne ya sauke akwatin, ya wanke bayansa, ya kai wa wanda ya san Fijo, tare da bayanin alamun da ya rubuta.

Irin waɗannan gwanaye suna raguwa. Da yawansu sun koyi aikin ne a lokacin da Kakuri ke kan ganiyarta, kuma yaran da ke gareji yau sun fi sabawa da motocin Japan masu jan gaba. Har yanzu ana samun dattawan a Apo da ke Abuja, da Panteka a Kaduna, da Ƙofar Ruwa a Kano, inda kuma ake samun kayan gyara na hannu. Da tsohuwar zuma ake magani, amma sai an yi tambaya kafin a kai gare ta.

A wajen sayen kaya, ƙa'idar ita ce a tafi da tsohon a hannu. A ƙirga tsagin tsakiyar farantin kuloci, a auna faɗinsa, a gwada da sabon. Akwatin baya na salun da na akori-kura ba lissafin haƙoransu ɗaya ba, kuma wanda aka sa ba daidai ba zai sauya gudun mota da shan manta. Wasu kayan 505 suna shiga 504, wasu kuma kama kawai suka yi. Araha ba ta ado: farantin jabu yana nufin a sake ciro inji bayan 'yan watanni.

Ma'aikacin da ya saba da fayil yana da wata dabara da ke aiki a nan fiye da ƙarfin damtse, wato ajiye bayani. A ɗauki hoton kowane sashe da waya kafin a kwance, a zuba notuna a leda a rubuta inda suka fito, a buɗe ɗan littafi a riƙa shigar da ranar sauya mai da irin man da lambar kilomita. Littafin nan zai amfani makaniken da za a kai wa akwatin, zai kuma amfani ɗan da zai gaji motar, wanda wataƙila a lokacinsa ba zai tarar da dattijon da zai tambaya a Panteka ba.