Yadda wayar hannu ke gane inda mutum yake, da abin da hakan ke nufi a Batsari da Safana

A watan Satumba na shekarar 2021 wayoyin hannu suka yi tsit a ƙananan hukumomi 13 na Jihar Katsina. Batsari da Safana na cikinsu, tare da Jibiya, Ɗanmusa, Ƙanƙara, Faskari, Sabuwa da wasu. Gwamnatin Aminu Bello Masari ce ta nemi a katse layukan, kwanaki kaɗan bayan an yi haka a Zamfara, domin a raba 'yan bindigar dajin Rugu da masu kai musu rahoto daga cikin garuruwa. An kuma hana sana'ar cajin waya a yankunan. Har kusan ƙarshen shekarar, wanda ke son gaisawa da ɗansa da ke Kano ko ya tura kuɗi, sai ya biya kuɗin mota ya nufi wajen Katsina, inda sabis ke kamawa.

Wani abu da mutane ƙalilan suka lura da shi a lokacin shi ne, babbar wayar da ke ɗauke da taswira ba ta daina nuna inda mai ita yake ba. Babu kira, babu saƙo, babu intanet, amma shuɗin ɗigon nan na kan taswira yana nan yana bin mai wayar. Dalili kuwa, hanyar da waya ke bi ta gane wuri daban take da wadda take bi ta isar da magana. Fahimtar wannan bambanci ita ce mabuɗin tambayoyi da dama da ɗan kasuwa da ma'aikaci ke yi a kullum.

Hanyoyi biyu

Hanya ta farko ita ce ta turakun sadarwa, waɗanda jama'a ke kira ƙarfen sabis. Kowace waya da ke da layi, ko ƙaramar nan ce mai tocila, tana maƙale ne da wani turke, kuma kamfanin layin ya san wane turke ne. Idan mai wayar ya tashi daga Safana ya nufi Dutsinma, wayar za ta riƙa sakin wani turke tana kama wani, kamfanin kuma na da bayanin hakan. A birni irin Kano, inda turaku suka yi yawa, wannan kan iya nuna unguwar da mutum yake. A karkara kuwa, inda turke ɗaya ke ɗaukar ƙauyuka da gonaki masu nisan kilomitoci, abin da zai nuna bai wuce a ce mutum na wani wuri cikin wannan faffadan yanki ba.

Hanya ta biyu ita ce ta taurarin ɗan Adam, wadda aka fi sani da GPS. Sojojin Amurka ne suka kafa tsarin, da taurari aƙalla 24 da ke zagaya duniya a nisan kilomita kusan 20,200. Kowane tauraro na ɗauke da agogo mai matuƙar daidaito, kuma aikinsa shi ne ya riƙa shelar inda yake da lokacin da ya aiko saƙo. Wayar da ke ƙasa sauraro kawai take yi. Tana auna tsawon lokacin da saƙon ya ɗauka kafin ya iso, daga nan ta san nisan da ke tsakaninta da tauraron. Idan ta samu taurari huɗu, lissafi ya cika: ta san inda take, da kuskuren da a fili bai cika wuce mita biyar ko makamancin haka ba. Saƙon na tafiya ne da gudun haske, kilomita 300,000 a daƙiƙa guda, saboda haka kuskuren kashi ɗaya cikin miliyan na daƙiƙa kan jefa lissafin mita 300 gefe. Sai a watan Mayu na 2000 Amurka ta daina rage ingancin saƙon da gangan ga farar hula. Yau Rasha da Sin da Tarayyar Turai kowa na da nasa taurarin, kuma yawancin sabbin wayoyi na sauraren fiye da tsari ɗaya.

Tunda sauraro kawai wayar ke yi, tauraron bai san da zamanta ba, kuma ba ya cin kati ko data. Waya na iya sanin inda take ba tare da kowa ya sani ba. Kafin wani ya sani, sai ta aika da bayanin, aikawa kuwa sai da sabis. Abin da aka katse a 2021 ke nan: bakin wayar aka rufe, kunnenta na nan a buɗe.

Ciniki a garin da babu lambar gida

A Ruma ko Wagini ko Runka ko Zakka, ba a kwatanta gida da sunan titi da lamba. Ana cewa bayan masallacin Juma'a, ko gefen tsamiyar da ke hanyar rafi. Wannan ya wadatar da ɗan gari, amma direban da aka ɗauko daga Katsina ya kwaso rogo ko buhunan gero daga bakin gona kan ɓata rabin yini yana tambaya, a yankin da yawan tambayar hanya kansa ke jawo wa baƙo zargi. Yanzu dillali kan tsaya a wurin kayan ya tura abin da ake kira lokeshan ta WhatsApp, direba ya bi. Mai kaya da ke zaune a shagonsa a birni na iya sanin ko motar ta baro gona.

Sai dai taswirar Google ba ta san karkarar yammacin Katsina kamar yadda ta san Abuja ba. Ƙauyuka da yawa ba su da suna a kanta, wasu an rubuta sunansu a karkace, kuma layin da ta zana a matsayin hanya na iya zama burtali ko turbar da ruwa ke yankewa da damina. Mafi muhimmanci, manhajar na zaɓar hanya ne bisa gajarta da sauri. Ba ta san wadda mutane suka daina bi bayan La'asar ba. A wannan yanki, direban da ya fifita maganar waya a kan ta 'yan tasha ya yi ganganci da ransa da na fasinjansa.

Masu POS su ne rukunin da batun wuri ya shiga cikin sana'arsu kai tsaye. Tun ƙarancin takardun Naira na farkon 2023, ɗan teburin mai POS ya zama bankin ƙauye, musamman inda reshen banki mafi kusa ke Dutsinma ko Katsina. A watan Agusta na 2025 Babban Bankin Najeriya ya ba da umarnin a ɗaure kowace na'urar POS da wurin da aka yi mata rajista, ta yadda za ta yi aiki ne cikin tazarar mita 10 daga wurin. Manufar ita ce a rage zamba, a kuma toshe hanyar da kuɗin haram, har da na fansa, ke bi su ɓace. Hujja ce mai ƙarfi. Amma wanda ya zana dokar da shago mai ƙofa da adireshi a zuciyarsa bai yi la'akari da mai POS na karkara ba, wanda rayuwarsa ke kan babur, yau yana wannan kasuwar mako gobe yana waccan. Ko ya yi wa kowace kasuwa tata na'urar, ko ya bar wasu kasuwannin, masu saye da sayarwa su koma ɗaukar tsabar kuɗi a kan hanyoyin da ɗaukar tsaba ke da haɗari.

Ma'aikatan lafiya sun riga kowa sanin wannan fasaha a Arewa. Tun wajajen 2012, a yaƙin da aka yi da cutar shan inna, an riƙa ba ayarin masu rigakafi wayoyi su saka a jaka, wayoyin na adana sawun duk inda suka taka. Da yamma a ɗora sawun a kan taswirar da aka zana daga hotunan tauraron ɗan Adam, a ga rugar da aka tsallake. Ta haka aka gano matsugunai da dama da ba sa cikin takardun hukuma. A watan Agusta na 2020 aka ayyana Afirka ta rabu da ƙwayar cutar ta asali. Daga wancan lokaci, neman hoto mai ɗauke da alamar wuri a matsayin shaidar cewa ma'aikaci ya je inda aka aike shi ya zama ruwan dare a ayyukan hukumomi da ƙungiyoyin agaji.

Me ya sa ba a bin sawun masu garkuwa?

Wannan ita ce tambayar da ta fi ci wa mutanen yankin tuwo a ƙwarya. An tilasta wa kowa haɗa layinsa da lambar shaidar ɗan ƙasa tun daga Disambar 2020, an toshe miliyoyin layuka daga yin kira a Afrilun 2022, amma har yanzu ana kiran iyalai daga daji ana cinikin fansa.

Amsar tana cikin abin da ya gabata. Kiran da aka yi da ƙaramar waya turke kawai yake nunawa, turken bakin daji kuwa faɗin yankinsa ya isa a ɓoye garke da rugage. Sau da yawa ma da wayar wanda aka sace ake kiran, don haka sunan da rajista za ta fitar na wanda aka zalunta ne. Sannan sanin wuri daban, isa wurin daban: dajin Rugu ya miƙe har cikin Zamfara, kuma kai farmaki inda ake tsare da mutane na buƙatar dakaru, hanya da dabarar da ba za ta salwantar da waɗanda ake son ceto ba. Bayanan waya sun fi amfani a wani gefen, wato gano waɗanda ke cikin gari suna yawan magana da wasu lambobi, da bin inda kuɗi suka shiga. Wannan aiki ne na haƙuri da haɗin kai tsakanin jami'an tsaro, kamfanonin layi da bankuna, kuma a nan ne ya dace jama'a su matsa wa hukuma lamba.

Katse sabis na 2021 ma ya bar darasi mai ɗaci. Layin da ɗan rahoto ke amfani da shi, shi ne wanda ƙauye ke kiran maƙwabtansa da jami'an tsaro da shi idan an hango babura. Da aka rufe shi, an rufe wa ɓangarorin biyu, kuma mai gona ya fi mai bindiga rashin wata mafita.

Abin da ke hannun mai waya

Bayanin inda mutum yake dukiya ce, a wannan yanki kuma yana iya zama batun rai. Dokar kare bayanan jama'a da aka sanya wa hannu a watan Yunin 2023 ta wajabta wa kamfanoni samun hujjar doka, kamar amincewar mutum, kafin su tattara bayanansa. Amma amincewar da ake nufi ita ce maɓallin da mutane ke dannawa ba tare da karantawa ba. Manhajar tocila ko ta sauraren waƙa ba ta da abin yi da inda mutum yake kwana, kuma a saitin kowace babbar waya akwai wurin da ake janye wannan izini, ko a taƙaita shi ga lokacin da ake amfani da manhajar.

Hoto ma na iya tona asiri. Idan an bar kyamara da izinin wuri, tana liƙa wa kowane hoto bayanin inda aka ɗauke shi. WhatsApp kan goge wannan bayani idan an tura hoton ta hanyar da aka saba, amma idan aka tura shi a matsayin fayil, yana tafiya da komai. Duk da haka, mafi yawan abin da ke fallasa attajiri ko ma'aikacin da ya je gida ganin dangi ba fasaha mai zurfi ba ce: hoton da ya ɗora a Facebook ne yana shelar ya iso.

Matafiya da yawa a hanyar Batsari da ta Safana kan kunna wa iyali lokeshan mai motsi, wanda WhatsApp ke bari na minti 15, ko awa ɗaya, ko awa takwas. Dabara ce mai kyau, muddin mutum ɗaya ko biyu amintattu aka tura wa, ba zauren mutum ɗari biyu ba. Ya kamata kuma na gida su san cewa idan mota ta shiga inda sabis ya yanke, ɗigon zai tsaya cak a wurin ƙarshe da wayar ta iya aikowa, ko da motar na ci gaba da tafiya lafiya. A ƙarƙashin sunan matafiyin akwai ɗan rubutu da ke nuna lokacin da aka sabunta bayanin, kuma shi ya kamata a fara dubawa kafin a ɗaga hankalin gida.