Harshen Tatsarrat Na Arewacin Adar Da Matsayinsa Cikin Harsunan Barbar

A jihar Tawa, tsakanin Abalak da Akubunu da Shadwanka, akwai wani harshe da ake kira Tatsarrat, harshen Ayttawari Seslem da Kel Eghlal n Enniger. An ƙiyasta masu jinsa da kimanin mutum 2,000, galibinsu dattawa. Yara kuwa sun koma ga Tamajak.

Da yake masu wannan harshe cikin Abzinawa suke zaune, an daɗe ana ɗaukarsa tamkar wani kari na Tamajak. Bincike ya nuna ba haka ba ne. Abdoulmohamine Khamed Attayoub ya yi nazarinsa a shekarar 2001, sa'an nan Cécile Lux ta gabatar da kundin digirinta a Liyon a 2011, aka buga shi littafi a 2013. Ta gwama sautukansa da ƙirar kalmominsa da na sauran harsunan Barbar, ta tabbatar da cewa ɗan'uwansa na kusa shi ne Zanaga na kudu maso yammacin Muritaniya. Su biyun ne suka haɗa reshen yamma na wannan dangi. Ga misali guda: sautin ɣ da Tamajak ya riƙe a kalmar eɣaf, watau kai, ya zama hamza a Zanaga, inda ake cewa i'f. A Tatsarrat ma sautin bai tsaya yadda yake a Tamajak ba.

Abin da ya sami harshen Tumshuƙ ya isa ishara. An yi amfani da shi a yankin Shinjan na ƙasar Sin, ya mutu tun ƙarnoni da dama. Abin da ya rage ƴan takardu ne cikin rubutun Barahmi, waɗanda Sten Konow ya fara bugawa a 1935. Da su aka gane cewa harshe ne na reshen gabas na harsunan Iran, ɗan'uwan harshen Hotan, kuma ya fi shi riƙe tsofaffin siffofi. Amma ma'anar kalmomi da yawa ta gagara, don babu wanda za a tambaya.

Tatsarrat kuwa har yanzu akwai masu amsa tambaya. Saboda haka wajibi ne masu bincike su ɗauki muryoyin dattawa, su tara kalmomi da labarai da wa'azi. Masu tsara yaƙi da jahilci kuma su daina lissafa shi ƙarƙashin Tamajak, su tsara masa ƙa'idar rubutu tun masu shi suna raye.