Sayen Tsohuwar Land Rover a Ƙasar Citta: Shasi da Takardu Su Ne Kuɗin Mota

KACHIA — A duk shekara, daga watan Nuwamba zuwa tsakiyar rani, 'yan kasuwa kan shiga ƙauyukan Kachia, Jaba da Kagarko domin sayen citta, su fito da ita bakin titi, inda manyan motoci ke kwashewa zuwa Kano da Legas. Hanyoyin da ke ratsa gonakin yankuna irin su Kwaturu, Gumel da Kurmin Musa galibi na burji ne, kuma damina, wadda kan kai wata shida a Kudancin Kaduna, takan bar su da zaizaya da ramuka. Wannan ne ya sa har yanzu wasu fatake ke neman tsofaffin motocin shiga daji masu ja da ƙafa huɗu, musamman Land Rover da Toyota Land Cruiser.

Ɗaya daga cikin tsofaffin samfuran Land Rover da ake gani a ƙasar nan shi ne Series III, wanda aka ƙera daga 1971 zuwa 1985, mai injin lita 2.25, na fetur ko na dizal. Akwai gajeruwa mai inci 88 tsakanin tayoyin gaba da na baya, akwai doguwa mai inci 109, wadda ita ce ta dace da ɗaukar buhuna. Kamfanin Leyland da ke Ibadan ya harhaɗa irin waɗannan motoci a ƙarshen shekarun 1970 da farkon na 1980, kuma ma'aikatun gwamnati, 'yan sanda, asibitocin mishan da hukumomin aikin gona sun yi amfani da su, kafin da yawansu su faɗa hannun jama'a ta hanyar gwanjo. Takwararta ta Japan, Land Cruiser samfurin 40, an ƙera ta daga 1960 zuwa 1984.

Ke nan duk wadda mai saye zai tarar ta haura shekara 40 a duniya. Tun da yake dokar kwastan ta ƙayyade shekarun motar da za a iya shigowa da ita, kuma waɗannan sun wuce iyakar, kasuwarsu ta cikin gida ce, daga hannu zuwa hannu.

Abin da ya fi yaudarar masu saye shi ne bodi. An yi jikin Land Rover da alminiyam, wanda ba ya tsatsa, saboda haka ɗan fenti kaɗan ya isa ya mayar da ita kamar sabuwa. Amma shasi, wato ƙashin ƙarfen da ke ɗauke da mota gaba ɗaya, baƙin ƙarfe ne, kuma laka mai danshi kan maƙale a cikinsa ta ci shi daga ciki. Wajibi ne a shiga ƙarƙashin motar da tocila da ƙaramar guduma, a ƙwanƙwasa gindin shasi ta baya, da wuraren da aka ɗaure sifirin, da bangon ƙarfen da ya raba injin da mazaunin direba. Ƙarfe mai lafiya yakan yi amo. Wanda ya ruɓe yakan yi shiru ko ya lotsa. Faci a kan faci na walda alama ce ta motar da aka daɗe ana ɗora mata kayan da suka fi ƙarfinta. Injin da ya gaji ana sake masa zobe ya miƙe, amma shasin da ya karye ya tafi da jarin mai shi.

Daga nan sai injin. A nemi a tayar da shi da sanyin safiya, kafin mai sayarwa ya ɗumama shi. Shuɗin hayaƙi daga salansa yana nuna injin na shan baƙin mai. Idan kuwa baƙin man ya koma kamar madara, ruwan lagireto ne ke shiga cikinsa. A Series III, danna sandar mai rawayan kai shi ke sa tayoyi huɗu su ja, jawo mai jan kai baya kuma shi ke sa giyar hawan tudu. A gwada duka biyun a kan burji, da kaya a baya, domin motar da ƙafafunta na gaba ba su ja ba ta da bambanci da akori-kura. A lura ko giya na fita da kanta idan an ɗaga ƙafa daga totur, a kuma duba yoyon mai a gindin tayoyin gaba.

Batun takardu ba ya ƙasa da na ƙarfe. A tabbatar lambar shasi da ke jikin mota ta yi daidai da ta takarda, ba tare da alamar gogewa ba. Motar da ta fito daga hannun hukuma sai an ga takardar gwanjonta. A bincika a ofishin rajistar motoci da wurin 'yan sanda kafin a biya, a kuma rubuta yarjejeniyar ciniki a gaban shaidu, kada a dogara da kalmar dillali, wanda la'adarsa ta rataya a kan ƙulluwar cinikin. Nijeriya ta koma tuƙi a hannun dama a watan Afrilu na 1972, kuma dokar hanya ba ta amince da mota mai sitiyari a dama ba. Wadda aka juya mata sitiyari tana buƙatar makaniki ya duba aikin da kyau.

Lissafin ɗan kasuwa kuwa bai ƙare a farashin saye ba. Tsohuwar Land Rover mai fetur tana da shan mai, kuma tun da aka janye tallafin fetur a watan Mayu na 2023 wannan ya zama babban kaso na kuɗin tafiyar da ita. A shekarar ce kuma cutar ruɓewa ta lalata gonakin citta masu yawa a Kudancin Kaduna, abin da ya nuna haɗarin sayen motar da amfani guda ne kaɗai zai biya kuɗinta. Ya kamata a haɗa kuɗin mai, tayoyi, gyara da albashin direba na shekara, a raba da yawan buhunan da ake sa ran ɗauka, sannan a kwatanta da kuɗin haya. Kafin ciniki, a zagaya Panteka a Kaduna ko Ƙofar Ruwa a Kano a ji ko akwai kayan gyaran wannan samfuri, domin motar da ta yi mako biyu a gareji a tsakiyar kaka ta cinye ribarta.

Akwai kuma wani abin da ke ɗaga farashi. Tun da aka daina ƙera tsohon samfurin Defender a watan Janairu na 2016, masu sha'awar tara tsofaffin motoci a Ingila da Amurka suka tsananta nema, kuma wasu masu sayarwa a nan kan kafa hujja da farashin can. Wannan kasuwa daban ce. Mai sayen citta abin aiki yake nema, don haka ya yi tayi gwargwadon abin da motar za ta iya samar masa, ya kuma ware wani kaso na jarinsa domin gyaran farko tun kafin ya karɓi makulli.